Daga Dandamalin Broadway Zuwa Majigi

Wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, irin wanda labarinsa ba ya tafiya sai da waƙoƙi, ya kafu ne a wurare biyu: unguwar gidajen wasa ta Broadway a birnin New York, da takwararta ta West End a Landan. A can 'yan wasa kan hau dandamali sau takwas a mako, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamalin suna kiɗa kai tsaye, kuma wasan da ya karɓu yakan yi shekara da shekaru ana maimaita shi a gida ɗaya. Tun ranar da fim ya fara magana kamfanonin Hollywood suka sa wa waɗannan wasanni ido, domin kaya ne da kasuwa ta riga ta gwada: labarin ya shiga ran jama'a, waƙoƙin suna bakin mutane. A ido aikin ba wuya, a ɗauko abin da ke kan dandamali a ajiye gaban kyamara. Amma kusan shekara ɗari ke nan ana yi, wani fim ya tayar da kamfanin da ya durƙushe, wani ya kusa binne kamfanin da ke tsaye da ƙafafunsa.

Tushen wahalar yana wajen mai kallo. Wanda ya je gidan wasa yana zaune nesa, ya kuma san bangon da yake gani katako ne da fenti. Tun da ya amince da wannan tun kafin a ɗaga labule, ba ya jin komai in 'yar wasa ta katse zance ta kama waƙa. Kyamara kuwa titi na gaske take nunawa, tana kuma matsowa har a ga gumi a goshi. In mutum yana tafiya a irin wannan titi sai kawai ya ɓarke da waƙa, ga kiɗa na tashi ba a ga makaɗa ba, mai kallon Turai da Amurka yakan tsargu. Ga kuma muryar da aka horar don ta kai kujerar ƙarshe, wadda kusa da makirufo take komawa ihu. Ga tafi da 'yan kallo ke yi bayan kowace waƙa, wanda marubutan wasa kan bar masa gurbi, a fim kuwa gurbin yakan zama shiru mara dalili. Duk daraktan da ya taɓa wannan aiki sai da ya nemi mafita ga waɗannan abubuwa, kuma mafitar ta riƙa sauyawa da zamani.

Kamfanin Warner ne ya buɗe ƙofa a 1927 da The Jazz Singer, inda aka ji muryar Al Jolson yana waƙa. Cikin shekara biyu kowane kamfani ya ruga Broadway sayen wasanni. Sai dai kayan aikin lokacin sun ɗaure masu fim: kyamara na da ƙara, don haka akan kulle ta cikin wani akwati mai gilashi tare da mai ɗauka, makirufo kuma a ɓoye shi cikin kayan ɗaki, 'yan wasa su tsaya kusa da shi kamar an dasa su. Abin da ya fito hoton wasan dandamali ne kawai, ba rai ba motsi. Kafin ƙarshen 1930 jama'a sun ƙoshi. Abin ya kai ga Warner ta fitar da Fifty Million Frenchmen a 1931 bayan ta cire waƙoƙin Cole Porter daga cikinsa, alhali waƙoƙin ne suka sa wasan ya yi suna.

Dabarar da ta ceci sana'ar ita ce naɗar waƙa tun da farko a situdiyo, sannan a kunna ta wajen ɗaukar fim ɗan wasa ya riƙa bi da baki. Da wannan kyamara ta samu 'yanci. Busby Berkeley, wanda shi ma daga Broadway ya zo, ya nuna amfanin haka a 42nd Street na 1933 da fina-finan da suka biyo baya, inda yakan ɗauki 'yan rawa daga sama suna jeruwa suna watsewa, abin da babu kujerar gidan wasa da za a iya ganinsa daga gare ta.

A shekarun 1930 da 1940 Hollywood ba ta ganin girman wasannin da take saye. Takan ɗauki suna da ƙashin labari ta zubar da saura. The Gay Divorcee na 1934, na Fred Astaire da Ginger Rogers, waƙa ɗaya tak ya bari daga cikin waɗanda Porter ya rubuta wa wasan. On the Town na 1949 ya watsar da yawancin kiɗan Leonard Bernstein ya sa sabo, ko da yake shi ne ya fita da Gene Kelly da Frank Sinatra titunan New York na gaske, abin da ba a saba ba a lokacin. Akwai ciniki a ciki: manyan kamfanonin fim sun mallaki kamfanonin buga waƙoƙi, kuma sabuwar waƙar da ma'aikacinsu ya rubuta ribarta tasu ce. Akwai kuma dokar tace fina-finai da aka fara tsaurarawa a 1934, wadda ta sa ake goge baitukan da ake ganin sun yi batsa, ta kuma hana nuna soyayya tsakanin baƙi da farare. A Show Boat na 1951 akwai matar da labarin ya ce tana da jinin baƙar fata; mawaƙiya Lena Horne ta so fitowa a gurbin, amma aka ba Ava Gardner, farar fata, sannan aka ɗora mata muryar wata mawaƙiya.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. Na farko Oklahoma!, wasan Richard Rodgers da Oscar Hammerstein na 1943, wanda aka yi sau 2,212 a Broadway. A cikinsa kowace waƙa tana ɗauke da wani yanki na labarin, in an cire ta sai an ga giɓi, kuma an sayar da faifan waƙoƙinsa da muryoyin 'yan wasan, har mutanen da ba su taɓa zuwa New York ba suka haddace su. Ba dama kuma a yi musu musanya. Na biyu talabijin, wadda a farkon shekarun 1950 ta zaunar da Amurkawa a gida. Don janyo su waje, sinima ta koma faffaɗan allo da launi da sauti mai ƙarfi, kuma manyan wasannin Broadway su ne kayan da suka dace da cika wannan allo. Akan nuna su tamkar a gidan wasa: a sayi tikiti da lambar kujera, a yi kiɗan buɗewa, a ba da hutu a tsakiya. Haka aka yi wa Oklahoma! a 1955, wanda aka ɗauka a jihar Arizona domin ita kanta Oklahoma ta sauya kama da yawa.

A wannan zamani ne al'adar aron murya ta yi ƙarfi. Kamfani na son tauraron da sunansa zai sayar da tikiti, ko ya iya waƙa ko bai iya ba. Mawaƙiya Marni Nixon ita ce muryar Deborah Kerr a The King and I na 1956, da ta Natalie Wood a West Side Story na 1961, da ta Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, kuma ba a sa sunanta a ko ɗaya daga cikinsu ba. Hollywood ta ɗauki abin a matsayin sirrin da bai kamata ya fita ba. A Indiya akasin haka aka yi. Fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, daga wasan dandamali ya fito da waƙoƙi bakwai, 'yan kallo ba su taɓa neman dalilin da ya sa jaruma ke waƙa ba, kuma masu rerawa a bayan fage irin su Lata Mangeshkar sun yi suna daidai da taurarin da ke hawa waƙoƙinsu. Wannan tsarin ne fim ɗin Hausa ya gada, shi ya sa mai kallo a Kano ko Damagaram ba lalle ya ga abin ɓoyewa a aikin Nixon ba.

West Side Story shi ne ya fara nuna cewa gyara wasa ba cin amanarsa ba ne. Labarin Romeo da Juliet ne aka mayar rikicin gungun matasa biyu a New York, farare da 'yan asalin Puerto Rico. Fim ɗin ya buɗe da hoton birnin daga sama, ya sauko titi, ya bar samarin suna tafiya suna kaɗa yatsu, tafiyar na rikiɗa a hankali har ta zama rawa, ta yadda mai kallo ba ya sanin lokacin da ya tsallaka. Marubuci Ernest Lehman ya musanya wa waƙoƙi biyu wuri, ya dawo da ta barkwanci kafin kisan da ke tsakiyar labarin, domin a fim raha bayan an ga gawa kusa-kusa ba ta zama. Jerome Robbins, mai tsara rawar, yawan maimaita ɗauka da kashe kuɗi ya sa aka sallame shi ana tsakiyar aiki, Robert Wise ya ƙarasa, amma su biyun suka raba kyautar Oscar ta darakta, ɗaya daga cikin goma da fim ɗin ya ci. Yana da tabonsa: yawancin waɗanda suka fito a 'yan Puerto Rico ba su ba ne, kwalliya aka shafa musu ta rina fata, har ita Rita Moreno da ke 'yar can ba a ƙyale ta ba.

My Fair Lady wata hanya ya bi. Jack Warner ya biya dala miliyan 5.5 don mallakar wasan, ya ƙi ɗaukar Julie Andrews da ta yi shi a dandamali saboda ba a san ta a fim ba. An ɗauke shi cikin situdiyo a California, an bi wasan kusan sawu da ƙafa. Ya ci Oscar takwas ya kuma yi ciniki, sai dai mai kallonsa a yau yakan ji kamar labule ne kawai babu. Andrews kuwa ita ta ɗauki kyautar gwarzuwar jaruma ta wannan shekarar da Mary Poppins, Hepburn ko shiga takara ba ta yi ba.

The Sound of Music na 1965 shi ne misalin da ya fi kowanne nuna abin da fim zai iya ƙara wa wasa. A Broadway, inda aka fara shi a 1959, masu sharhi da dama sun ce zaƙinsa ya yi yawa. Labarin wata budurwa ce mai shirin zama 'yar zuhudu a Ostiriya, aka tura ta rainon 'ya'ya bakwai na wani tsohon hafsan sojan ruwa, ta aure shi, suka gudu daga mulkin Nazi. Mary Martin da ta riƙe gurbin a dandamali shekararta 45, kuma daga kujera ba mai damuwa. Kyamara ba ta yafe wannan, don haka Wise ya ɗauki Andrews tana da 28. Ya kwashi ma'aikata zuwa Salzburg, ya buɗe fim ɗin da hoto daga jirgi mai saukar ungulu, tsaunuka da tabkuna na wucewa ba kiɗa sosai, har a hango mace ita kaɗai a kan tudu. Kafin ta buɗe baki, girman wurin ya riga ya ba ta dalilin waƙa. Lehman, wanda shi ne ya sake rubuta wannan ma, ya ɗauke wata waƙa daga ofishin shugabar gidan zuhudu ya kai ta daren da tsawa ta firgita yaran suka taru a ɗakin mai rainonsu, sai ta zama lallashi. Waƙar koyar da yara sautukan kiɗa, wadda a dandamali ake yi a falo cikin 'yan mintoci, ya shimfiɗa ta a kan kwanaki da wurare: tudu, keken doki, gada, lambu, kayan jikin yaran na sauyawa, ta yadda kafin waƙar ta ƙare mai kallo ya ga shaƙuwa ta ginu. An cire waƙoƙi biyu na wasu da ba su ne jigon labari ba, Rodgers ya rubuta sababbi biyu shi kaɗai, domin Hammerstein ya rasu a 1960. An kashe kimanin dala miliyan 8, fim ɗin ya ci Oscar biyar, ya zarce Gone with the Wind a yawan kuɗin shiga, ya kuma farfaɗo da kamfanin Fox da ya yi shi, wanda fim ɗin Cleopatra ya jigata. A Jamus da Ostiriya kuwa bai yi kasuwa ba. Mutanen Salzburg sun san iyalin von Trapp, masu labarin na gaske, jirgin ƙasa suka shiga zuwa Italiya, sun kuma san wanda ya haura tsaunin da fim ɗin ya nuna cikin Jamus zai faɗa.

Darasin da kamfanoni suka ɗauka daga wannan nasara kuskure ne. Sun zaci girma da tsada ne sirrin. Camelot na 1967 da Paint Your Wagon na 1969 sun cika da taurarin da ba mawaƙa ba, har Clint Eastwood da Lee Marvin aka sa waƙa. Hello, Dolly! na 1969 ya ci kusan dala miliyan 25, aka ba Barbra Streisand mai shekara ashirin da 'yan kai gurbin bazawara mai manyan shekaru. A daidai lokacin matasa, waɗanda su ne masu zuwa sinima, sun koma kan irin su Easy Rider da kiɗan zamaninsu. Oliver! ya ci kyautar gwarzon fim na 1968, Fiddler on the Roof na 1971 ya yi riba, amma asarar sauran ta sa kamfanoni suka ja baya.

Bob Fosse ya zo da wata amsa a Cabaret na 1972, labarin Berlin a 1931 lokacin da 'yan Nazi ke tasowa. Ya cire duk waƙar da wani ke yi a ɗaki ko a titi, ya bar waɗanda ake rerawa a dandamalin gidan rawa, inda waƙa sana'a ce kuma ana ganin makaɗa. Waƙa ɗaya ce ta fita waje, a wani lambun shaƙatawa a ƙauye. Kyamara ta fara da fuskar wani yaro mai daɗin murya, ta sauka a hankali zuwa damtsensa inda alamar Nazi take ɗaure, sannan ta bi fuskokin mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna amshi. Dandamali ba zai iya ɓoye damtse ya bayyana shi lokacin da ya ga dama ba. Fim ɗin ya ci Oscar takwas a shekarar da The Godfather ya fito.

Shekaru talatin da suka biyo baya galibi na fari ne, duk da nasarar Grease na 1978. The Wiz da A Chorus Line, manyan wasanni a Broadway, duk sun faɗi a sinima. Daga Afirka ta Kudu aka samu Sarafina!, wasan Mbongeni Ngema a kan boren ɗaliban Soweto na 1976, wanda aka fara a Market Theatre na Johannesburg a 1987 ya isa Broadway a 1988. Fim ɗinsa na 1992 ya riƙe Leleti Khumalo a gurbinta, ya ƙara da Whoopi Goldberg da Miriam Makeba, aka kuma ɗauke shi a Soweto. A dandamali ɗalibai ne ke ba da labarin duka da harbi. A fim ana ganinsu ƙuru-ƙuru, kuma tashi daga ɗakin azabtarwa zuwa rawa ya fi nauyi a ido. Duk da haka ya shiga gidaje a faɗin Afirka inda wasan bai taɓa zuwa ba.

Chicago na 2002 ne ya dawo da kasuwar. Rob Marshall ya ɗauki dabarar Fosse ya juya ta: waƙoƙin duk a cikin zuciyar jarumar suke faruwa, mace mai mafarkin zama tauraruwa, wadda kurkuku da kotu ke rikiɗe mata su zama dandamali. Ya ci Oscar shida, har da ta gwarzon fim, karo na farko ga irinsa tun Oliver!. Mamma Mia! na 2008 bai wahalar da kansa da neman dalili ba, ya dogara da waƙoƙin ABBA da tsibiran Girka, ya tara sama da dala miliyan 600.

Darakta Tom Hooper shi kaɗai ya ba da misalin nasara da na faɗuwa. A Les Misérables na 2012 ya yi watsi da naɗar waƙa a situdiyo: 'yan wasa suka rera kai tsaye gaban kyamara, da ɗan abin ji a kunne, mai fiyano na bin su daga gefe, daga baya aka ɗora cikakken kiɗa. Hakan ya ba su damar jan numfashi da kuka a tsakiyar baiti, kuma Anne Hathaway ta ci Oscar da waƙar da aka ɗauka a tashi ɗaya, kyamara na kan fuskarta. Amma dabarar ta tona asirin masu raunin murya, Russell Crowe ya fi kowa shan suka. Cats kuwa, wasan Andrew Lloyd Webber da ya shekara 21 a Landan, kusan ba shi da labari. Daɗinsa ganin 'yan rawa cikin kayan kyanwa, kowa ya san mutane ne. A fim ɗin 2019 aka sa kwamfuta ta yi musu gashi da jela a kan fuska da hannayen mutane, sai aka samu halittar da ba mutum ba kyanwa ba. Kamfanin Universal ya aika wa gidajen sinima gyararren kwafi bayan an riga an fara nunawa, kuma fim ɗin bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. West Side Story da Steven Spielberg ya sake yi a 2021, da 'yan wasa masu asalin Latin Amurka a gurabensu, ya sha yabo amma shi ma bai yi ciniki ba, a lokacin da annobar korona ke hana mutane fita.

A 'yan shekarun nan hanyoyi biyu ake bi. Ɗaya ita ce a daina fassara wasan gaba ɗaya, a kafa kyamarori a gidan wasa a ɗauke shi yadda yake, da 'yan kallo da tafinsu. Haka aka yi wa Hamilton a 2016 da 'yan wasansa na asali, Disney ta saye shi dala miliyan 75 ta sake shi ta intanet a 2020. Ɗayar ita ce a buɗa wasan fiye da yadda dandamali zai ɗauka. Wicked, wanda ake yi a Broadway tun 2003, Jon M. Chu ya raba shi fim biyu. Na farkon, na 2024, rabin labarin kawai ya ɗauka amma tsawonsa awa biyu da minti arba'in, kusan daidai da wasan duka, Cynthia Erivo da Ariana Grande suka rera yawancin waƙoƙinsu kai tsaye a wajen ɗauka. Ya tara sama da dala miliyan 700, ya karɓe matsayin da Mamma Mia! ya riƙe na shekara goma sha shida, na fim mafi kuɗin shiga da aka ɗauko daga wasan dandamali mai waƙa.